Kujera a Bakin Ƙofa

A wani gari da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina akwai wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, maza da mata. Jerin ajujuwa biyu ne suna fuskantar juna, da bishiyoyin darbejiya a tsakani, inda masu awara da masu rake ke zama lokacin tara. Duk shekara kwalejin ilimi takan turo ɗalibanta su koyi aikin koyarwa a nan. Yara suna ce musu malaman TP, ba sa ma wahalar riƙe sunayensu, don sun san baƙi ne, zango ɗaya za su yi su tafi.

A shekarar da nake ba da labari, cikin waɗanda aka turo akwai wani saurayi ɗan shekarar ƙarshe ta NCE, Turanci yake karanta. Yaro ne mai natsuwa, mai son a ce ya yi abu daidai. Ya zo da jan biro da baƙi, da wani littafi mai kauri da ya tanada don rubuta abin da zai gani. Ƙa'ida ita ce kafin a ba shi alli sai ya zauna ya kalli yadda malamai ke yi. Shugaban makaranta ya haɗa shi da malaman Turanci biyu da ke riƙe da 'yan aji ɗaya. Ɗaya namiji ne mai shekara arba'in da 'yan kai, yara sun laƙaba masa Bature saboda yadda Turanci ke fita daga bakinsa. Ɗayar dattijuwa ce da ta kusa ritaya, kowa Mama yake ce mata, har shi shugaban makarantar.

Ajin Malam Bature ya fara shiga. Ya ɗauki kujerarsa ya kai can ƙarshen aji ya jingina da bango, don ya riƙa ganin allo da malami sosai. Da Malam ya sako ƙafa, yara sama da saba'in suka miƙe lokaci ɗaya suka gaishe shi da murya ɗaya. Ya raba allo gida uku, ya sa kwanan wata a kusurwa, ya rubuta kan darasi ya ja masa layi. Ranar a kan ire-iren suna ake. Ya faɗi ma'anar suna da Turanci, yara suka maimaita. Ya sake faɗa, suka sake, har sau uku. Daga nan ya cika allo da rubutu mai kyau, babu harafin da ya hau kan wani, ya ce a kwafa. Aji ya yi tsit, sai tarin masu mura, don hunturu ya kankama. Da lokaci ya kusa cika ya juyo ya ce, "Do you understand?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Yes sir!" har kwanon rufi yana amsawa. Ba a jin Hausa a wannan aji. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi ta, monita zai rubuta sunansa, in an tashi shi ne da tsintsiya.

Saurayin ya cika shafi biyu da yabo: iya riƙe aji, iya amfani da allo, kyan lafazi, gama darasi a kan lokaci. A ransa ya ce irin wannan malami yake so ya zama.

Kuma ba yabon banza ba ne. Malam Bature ba ya makara, ba ya fashin aji ko da albashi ya yi jinkiri. Idan alli ya ƙare a ofis, da kuɗinsa yake saye. Litattafan yara a buhu yake ɗaure su a bayan babur, ya kai gida ya duba ɗaya bayan ɗaya. Yana yawan ambaton Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai, da irin su Abubakar Tafawa Balewa da suka fito daga cikinta, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi kafin ya shiga siyasa, Turancinsa kuwa har Ingila ana yabawa. Burinsa shi ma a ce wata rana ya yaye irin waɗannan. Malaman da ke ɗauke da irin wannan buri ba su da yawa, kuma sun cancanci a girmama su.

Washegari saurayin ya nufi ajin Mama. Tun daga baranda ya jiyo hayaniya. Yara sun jujjuya benci suna fuskantar juna, gaban kowane rukuni akwai tarkace: ledar burodi, gwangwanin madara, kwalin ashana, kwalin magani, ledar Indomie. Mama tana yawo a tsakaninsu, ta sunkuya nan ta yi magana, ta wuce can. Wani lokaci sai ya ji ta yi Hausa ƙarara. A minti arba'in ɗin nan jimla uku kacal ta rubuta a allo, kuma ba ta tambayi kowa ko ya gane ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ya rubuta cewa surutu ya yi yawa, darasi yana jan ƙafa, malama tana amfani da harshen gida, allo bai cika ba.

Haka ya yi ta yi, yau nan gobe can, ra'ayinsa bai motsa ba. Ran nan lokacin tara yana zaune a ofishin malamai, sai Mama ta ja kujera kusa da shi ta ce, "Ɗana, ba ni littafin nan naka in ga abin da kake rubutawa a kanmu."

Gabansa ya faɗi, amma ba halin hanawa. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa tabarau, ta bi shafi bayan shafi har inda ya ambaci surutu da Hausa. Fuskarta ba ta canza ba. Da ta gama ta rufe ta ce, "Ba ka yi wa kowa ƙarya ba. Na ga Malam a ciki, na ga kaina. To yaran fa? Aji biyu cike maƙil, ban ga ko ɗaya a littafin nan ba."

Ya ce, "Mama, ai malamai aka ce mu lura da su."

"Daga inda kake zama ƙeyar yara kawai kake gani. Gobe ka kai kujerarka gaba, bakin ƙofa, ka ba allo gefe, ka fuskance su. Ka zaɓi uku, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya. Kada ka rubuta komai a kan malami. Abin da yaran nan uku suka yi daga farkon darasi zuwa ƙarshe, shi kaɗai za ka rubuta. Ka fara da ajin da ka ga dama."

Ya fara da ajin Malam Bature, don can yake tsammanin ganin abin da zai faranta masa rai. Ya nemi izini, Malam ya ce ba komai.

Ta gaba wata yarinya ce da ta yi firamare ta kuɗi. Duk tambayar da aka jefa hannunta ne a sama, kuma idon Malam wurinta yake fara zuwa. Ita da wasu huɗu ko biyar su ne ke amsa duk tambayoyin ranar. Na tsakiya kuwa, in ana maimaitawa bakinsa yana motsi, amma a bayan na sauran yake tafe, ƙarshen kalma kawai yake cafkewa ya ja. Na baya wani dogon yaro ne da ya ɗan girmi ajin, ɗan mai shayin bakin tasha. Ba ya surutu, ba ya gyangyaɗi. Da aka ce a kwafa, sai ya ɗaga kai ya dubi allo, ya sunkuya ya rubuta harafi ɗaya, ya sake ɗagawa, ya rubuta na biyu. Kalma mai harafi shida, sau shida zai ɗaga kai. Da Malam ya tambaya ko an gane, muryar wannan yaro ta fi ta kowa ƙarfi.

Lokacin tara saurayin ya kira shi gindin darbejiya, ya ce ya zo da littafinsa. Littafi tsaf, an lulluɓe bangonsa da takardar siminti, kowane shafi da jan biron Malam da maki mai kyau. Ya ɗora yatsa a layin farko ya ce, "Karanta mini." Yaron ya zubo ma'anar suna daga farko har ƙarshe ba gargada, amma idonsa yana kan reshen bishiya. Saurayin ya gangaro da yatsa tsakiyar shafi, ya nuna kalma ɗaya gajeriya mai harafi huɗu. Yaron ya dube ta, ya daɗe yana dubawa, ya haɗiye yawu. Can ya ce a hankali, "Malam, don Allah kada ka faɗa wa kowa."

Ya yi masa alkawari. Suka ɗan taɓa hira da Hausa, sai ga shi yaron ba daƙiƙi ba ne ko kusa. Ya haddace izu da dama a makarantar allo, yana karanta ajami, kuma da dare shi ke riƙe lissafin teburin babansa. Mutum ya sha shayi da burodi da ƙwai biyu, kafin ya gama ciro kuɗi daga aljihu yaron ya san canjinsa. Shekara shida ya yi a firamare yana kwafa, ba wanda ya taɓa sa shi ya karanta layi ɗaya shi kaɗai.

Wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa a fitowarta ta farko a 1977 ta yarda a fara koyar da yaro da harshen da yake ji. Daga baya aka fayyace cewa shekara uku na farko ke nan, daga aji huɗu Turanci ya karɓi koyar da sauran darussa. A takarda tsarin yana da ma'ana. A aikace kuwa, yara da yawa suna isa aji huɗu ba su iya karanta Hausar ba balle Turancin, a yi ta tura su gaba. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara a jere, ƙofa ta buɗe wa 'ya'yan talakawa, kuma alheri ne babba. Sai dai manhajar aji ɗaya na sakandare an tsara ta ne bisa zaton duk wanda ya iso ya iya karatu. Nauyin sai ya faɗo kan malamin Turanci. Yaron da bai samu Turanci a hannunsa ba ya rasa lissafi, ya rasa kimiyya, don da shi ake koyar da su, da shi kuma za a rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku.

Ranar da saurayin ya kai kujerarsa bakin ƙofar Mama, darasin shuɗaɗɗen lokaci ake. Da Hausa ta fara. Ta rubuta na tafi, zan tafi, nakan tafi, ta ce, "Wace kalma ce ba ta motsa ba?" Yara suka ce tafi. "To me ya gaya muku jiya ne ko gobe ko kullum?" Suka ce abin da ke gabanta. Ta ce, "Madalla. Mu a gaba muke sa alamar lokaci, aikatau ya zauna yadda yake. Turanci kuwa idan abu ya wuce, jikin aikatau ɗin yake taɓawa, ko ya ƙara masa wani abu a ƙarshe, ko ya sauya masa kama gaba ɗaya." Ta rubuta misali biyu. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Sai ta tafa hannu ta ce, "Hausa ta gama aikinta, ta tafi hutu." Daga nan har aka tashi Turanci ake. Ta haɗa su bibbiyu, kowa ya tambayi na kusa da shi abin da ya yi jiya.

Surutun nan da ya yi ta rubutawa, yanzu da ya matso kusa sai ya ji ashe Turanci ne. Gurgu ne, amma Turanci ne, kuma daga bakuna talatin da wani abu yake fita lokaci ɗaya. Yarinyar da ya zaɓa a baya, wata siririya da hijabinta ya yi mata yawa, ta ce wa ƙawarta, "Yesterday I goed to market." Mama tana wucewa ta ji. Ta tsaya ta ce, "You went to the market? What did you buy?" Yarinyar ta yi jim, sannan ta ce, "I went. I buy pepper." Mama ta gyaɗa kai ta wuce. Kafin a tashi ya ƙirga, yarinyar nan ta buɗe baki ta yi Turanci sau goma sha ɗaya. A ɗaya ajin kuwa, in ka cire amshi, ɗan mai shayi bai furta kalma ɗaya tasa ta kansa ba a mako guda.

Saura minti kaɗan a tashi Mama ta ce kowa ya yago 'yar siririyar takarda ya riƙe a gaban leɓensa. Bahaushe sauti ɗaya gare shi a inda Turanci yake da biyu, p da f, shi ya sa yake cuɗa su. Ta ce a haɗa leɓe a ce "pan", takarda ta yi tsalle. Ta ce a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a ce "fan", takarda ta ɗan karkata a hankali. Aji ya ɓarke da dariya, kowa yana gwadawa yana leƙen takardar maƙwabcinsa. Har a baranda bayan an tashi yana ganinsu da 'yan takardu a baki.

Da suka koma ofis ya ce, "Mama, yarinyar nan ta yi kuskure, ba ki gyara mata ba."

"Na gyara, ba ka ji ta ɗauka ba? Kalmar nan da ta faɗa ba wanda ya taɓa koya mata, ita ta ƙera ta. Ta ji doka, ta ɗauka ta yi aiki da ita. Saura ta san inda dokar ba ta shiga. In na daka mata tsawa yau a gaban ƙawarta, sai an yi wata kafin ta sake buɗe baki."

"Hausar fa? Mu an ce mana tana ɓata wa yara Turanci."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ni 'yar UPE ce, a 1976 aka sa ni aji ɗaya. An sha cin mu tara a kan Hausa, kuma abin da na koya daga tarar nan shi ne yin shiru. Ba ku karanta aikin Farfesa Fafunwa a kwaleji ba?"

Ya tuna sun karanta. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yaran firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun malaman da suka ƙware a kansa, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. Ya haddace wannan don jarrabawa, bai taɓa haɗa shi da aji mai rai ba.

Ta ce, "Amma ka lura, minti biyar na ba ta. In na bar ta ta yini a ajin na cuci yaran nan, don ba su da wani wurin jin Turanci sai nan. Gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa."

Jinin ƙuruciya ya ɗebe shi, ya ce ashe duk abin da Malam Bature ke yi aikin banza ne.

"Kul! Kada in sake jin wannan daga bakinka. Akwai abin nahawu da ni nake zuwa in tambaye shi. Jarrabawa tana tambayar abin da yake koyarwa, kuma yara masu ƙoƙari da ƙarfinsu suke fita daga hannunsa. Bayan aji ne bai gani ba, don rabin lokacinsa allo yake fuskanta. Kuma kada ka ce za ka je ka gyara masa. Kai baƙo ne, kuma ƙanensa ne. Ajinsa za a ba ka. Ka roƙe shi ya zauna ya duba ka, ka ajiye masa kujera a inda ka zauna."

Darasin saurayin na farko bai yi daɗi ba. Ya zo da buhun gwangwanaye da ledoji, ya rarraba, sannan ya fara bayanin abin da za a yi. Wa zai saurare shi? Yaran da ba su saba da wannan ba suka ɗauka wasa ne, Hausa ta ɓalle, biyu suna kokawa a kan kwalin ashana. Yana ta ɗaga murya ba mai ji. Malam Bature ya miƙe daga bakin ƙofa ya faɗi kalma ɗaya, aji ya yi tsit. Bayan an tashi ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ba a raba kaya kafin a ba da umarni. Ka faɗi abin da za a yi, ka sa ɗaya ya maimaita maka, sannan ka buɗe buhu. Ka kuma yanka musu lokaci, ka sami alamar da in ka yi ta kowa zai tsaya. Kuma kada ka yi gasar murya da yara saba'in, ba za ka ci ba." Saurayin ya rubuta duka, ya yi godiya. Da ya bi shawarar sai aji ya fara zama a hannunsa.

Malam ya ci gaba da zama a bakin ƙofa. Da farko ɗalibin malamin yake kallo, yana rubuta masa gyara. Amma mutum ba ya zama yana fuskantar yara kullum idonsa bai sauka a kansu ba. Saurayin bai karya alkawari ba, ko sau ɗaya bai ambaci ɗan mai shayi ba. Wata rana dai ya rubuta gajeren sakin layi a allo ya ce a kwafa, sai ya lura biron Malam ya tsaya. Idonsa yana can bencin baya, inda kai ke ɗagowa yana sunkuyawa, harafi bayan harafi.

Da aka tashi Malam bai motsa daga kujera ba. Ya kira yaron, ya buɗe littafinsa, ya nuna masa kalma. Aka yi shiru. Ya nuna wata, aka sake shiru. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Je ka, ɗana, ba laifinka ba ne." Da yaron ya fita ya daɗe yana juya shafukan nan masu jan bironsa. Daga ƙarshe ya ce, "Tun farkon zango nake ba yaron nan maki."

Kwana biyu ba ya hira a ofis. A cikin kwanakin ya riƙa kiran 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, kowa ya karanta masa layi biyu a keɓe. Ya sami sama da ashirin da ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Ya ɗauki takardar sunayen ya tafi wurin Mama da kansa. Ita ma ta ciro tata daga jaka, don ta daɗe da sanin nata, sai dai ita kaɗai abin ya fi ƙarfinta. Malam ya ce, "Mama, a makarantar allo ba a sakar wa yaro karatu sai ya wuce babbaƙu da farfaru. Mu mun tsallake su mun hau nahawu."

Suka je wa shugaban makaranta da shawara, ya amince. Kullum rabin awa kafin a yi layin safe za a tara yaran nan na aji biyu a wuri ɗaya. Mama ta kafe a kan kada a ba abin wani suna da zai sa a yi musu dariya, ajin safe kawai za a ce. Malam ne ya ɗauki koyar da sautin haruffa, tun da ba wanda ya kai shi lafazi. Da Hausar boko suka fara, ba, bi, bu, don ita yadda aka rubuta haka ake faɗa, sannan suka gangara gajerun kalmomin Turanci. Mama ta kawo ledojinta da gwangwanayenta, a nemo harafin da aka koya a jikinsu, a karanta sunan wata da shekarar da ke bugawa a gindin gwangwani. Shi kuwa saurayin, wurin waɗanda suka fi rauni yake zama. A mako na farko ɗan mai shayi ya zura wa allo ido, can ya ce da ƙarfi, ya ma manta a aji yake, "Ashe a da i da u su ne wasali bisa da ƙasa da rufu'a!" Daga ranar ya fara gudu.

Ba duka suka yi gudu ba. Wasu talla ta hana su zuwa da wuri, wasu sai a hankali. A ajin Malam ma ba a daina nahawu ba, ba a daina kwafa ba, sai dai ya rage cika allo, ya fara ware minti goma yara su yi magana bibbiyu, kuma ya daina tambayar aji gaba ɗaya ko an gane. Sai ya nuna mutum ɗaya a baya ya ce ya ba shi misali. Takardar monita ta masu Hausa ita ma ta ɓace ba tare da an yi sanarwa ba.

Malamin kwaleji ya zo duba saurayin, ya zauna rabin awa, ya duba tsarin darasinsa, ya ce bai kai matakin ƙarshe ba kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya ba shi maki matsakaici. Abin ya sosa masa rai, don mutum ne mai son maki. Malam Bature ya raka baƙon har mota yana yi masa bayanin ajin safe, amma an riga an rubuta abin da aka rubuta.

Ana saura kwana kaɗan saurayin ya tafi, ya je tasha da magariba tambayar mota. Sai ya ji ana, "Malam! Malam, bismilla!" Mai shayi ne, ya share masa benci, ya haɗa masa mai kauri. Yaron yana gefe yana soya ƙwai, ya gaishe shi yana sunkuyar da kai.

Uban ya ce, "Malam, bari in ba ka labari. Shekaranjiya dila ya kawo mini katan ɗin madara da sauƙi, har ina murna. Yaron nan ya ɗaga gwangwani ya juya gindinsa, ya yi ta motsa baki, sai ya ce Baba, wannan wa'adinta ya wuce da wata biyu. Dila ya ce ƙarya ne. Yaron ya karanta masa sunan watan da shekarar a gaban mutane, wani ɗan kamasho ya karɓa ya duba ya ce haka ne. Ya kwashe kayansa ya ba ni kuɗina. Shekara ashirin ina sayen madara, ban san akwai magana a gindin gwangwani ba."

Saurayin ya gaya masa gaskiya, cewa yaron har yanzu a hankali yake karatu, kuma a jarrabawar zangon nan ba zai zo cikin na gaba ba, akwai sauran aiki mai yawa kafin aji uku. Ya ce kada ya bari ya fasa ajin safe ko da an kwana ana ciniki.

"In Allah ya yarda ba zai fasa ba, ni zan riƙa tashinsa. To wane littafi zan saya masa? Babban nan na ƙamus?"

"A'a Baba, ƙarami za ka saya, na labari mai hotuna. Kullum kafin mutane su taru ya karanta maka shafi ɗaya, ya gaya maka abin da aka ce da Hausa."

Ya faɗi sunan wani ɗan littafi da suke amfani da shi a ajin safe. Uban ya yago bayan kwalin sukari ya miƙa wa ɗansa da biro, yaron ya goge hannu a riga ya rubuta, ya kuskure harafi ɗaya, saurayin ya nuna masa ya gyara. Mai shayi ya karɓi kwalin, ya ƙwala wa wani direban Kano kira, ya ƙirga masa kuɗi ya ce gobe in ya sauke fasinja ya biya kasuwar Sabon Gari ya sayo masa.